Barin Motar Fetur Zuwa Ta Lantarki: Tambayoyin Da Masu Niyya Suka Fi Yi

Duk wanda ya fara tunanin ajiye motar fetur ya koma ta lantarki, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na waɗanda suka riga shi: shin za ta rage min kashe kuɗi, a ina zan yi caji, batirin zai kai shekara nawa. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Ba a sa farashi ba, domin kuɗin mai da na wuta sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma suna canjawa. Hanyar lissafin ce aka bayar, sai kowa ya zuba nasa alƙaluman.

Mece ce motar lantarki, kuma me ya raba ta da wadda ake kira haibirid?

Motar lantarki zalla ba ta da injin mai, ba tanki, ba salansa. Babban batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, shi ke ba injin lantarki wuta, injin kuma ya juya tayoyi. Ana auna girman batirin da kilowat-awa, wato abin nan da mitar wuta ke ƙirgawa a matsayin yunit. Yawancin motocin yanzu batirinsu na ɗaukar yunit 40 zuwa 100.

Haibirid kuwa iri biyu ce. Akwai wadda ba a jona ta da wuta ko kaɗan, irin Toyota Prius da ta fito a 1997: fetur take sha, ƙaramin batirinta yana taimaka mata ne kawai ta rage sha. Akwai kuma wadda ake jonawa, ta yi 'yan kilomita goma-goma da batir, in ya ƙare injin fetur ya karɓa. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan ta lantarki zalla suke.

Da gaske ta fi ta fetur sauƙin kuɗin tafiya?

Sau da yawa haka ne, kuma dalilin a fili yake. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, amma injin fetur yana zubar da mafi yawansa a matsayin zafi, ta salansa da lagireto. Abin da ke isa taya bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba. Ita kuwa ta lantarki, fiye da kashi 75 cikin 100 na wutar da aka zuba mata yana komawa tafiya.

Ga yadda za ka lissafa da kanka. Matsakaiciyar motar fetur na shan kamar lita 7 a kilomita 100. Takwararta ta lantarki na cin yunit 15 zuwa 20 a wannan nisa. Sai ka tuna cewa ba duk wutar da mita ta ƙirga ke shiga batir ba, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na salwanta a lokacin caji. Don haka ka ɗauki yunit 20 a bakin mita. Ke nan lita ɗaya tana daidai da yunit uku, ƙasa kaɗan. To, ka duba nawa kake sayen yunit uku, nawa kake sayen lita ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarka a kan kowace lita da da za ka sha.

Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara, lita 1,400 zai daina saye, ya koma sayen yunit kusan 4,000. Wanda ke yin kilomita 5,000 kacal, lita 350 ce tasa. Mota ɗaya, farashi ɗaya, amma na farko zai mayar da kuɗinsa a rubu'in lokacin da na biyu zai ɗauka. Abin da ya kamata a kiyaye: wannan lissafin na wutar gida ne. Tashoshin caji mai sauri suna sayar da yunit da tsada ƙwarai, a wasu ƙasashen ninki biyu ko uku na kuɗin gida, kuma a nan ribar kan ragu sosai ko ta ɓace.

Me ya sa kuɗin sayenta ya fi yawa, kuma zai sauko?

Batirin ne. Shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Sai dai farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2024, kuma hakan ne ya sa kasuwar ta buɗe. A 2024 an sayar da motocin da ake jonawa da wuta sama da miliyan 17 a duniya, fiye da ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar sababbi. A China a shekarar sun kusa rabi, kuma a can da yawa daga cikinsu ba su fi na fetur tsada ba, saboda gasar kamfanoni irin su BYD. A Norway a 2024 kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar ta lantarki ce zalla.

A sauran wurare har yanzu akwai tazara, kuma babban abin da ke yanke ta shi ne manufar gwamnati: haraji, kuɗin shigo da kaya, da tallafi. Kada ka gina lissafinka a kan tallafin da ba ka riga ka karɓa ba. Jamus ta dakatar da nata kwatsam a Disamba 2023, Birtaniya kuma ta fara karɓar harajin shekara a kan motocin lantarki daga Afrilu 2025, bayan shekaru suna tafiya kyauta.

A ina zan riƙa yin caji, kuma awa nawa yake ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, har ta fi ta farashi. Inda motarka ke kwana, shin akwai wuta tsayayya mai sauƙin kuɗi a wurin? In amsar e ce, kusan duk sauran matsalolin ƙanana ne. In a'a ce, ka karanta amsoshi biyun da ke biye kafin ka ba kowa kuɗinka.

Caji mataki uku ne. Soket ɗin bango na gida yana ba da kamar kilowat 2, wato yunit 2 a kowace awa, don haka batir mai yunit 60 da ya ƙare ƙarƙaf zai ɗauki awa 30 ko fiye kafin ya cika. Akwatin caji da ake kafewa a bango, mai kilowat 7 ko 11, zai cika shi a dare ɗaya. Sai na tasha, mai kilowat 50 zuwa 350, wanda ke kai batir daga kashi 10 zuwa 80 a cikin minti 20 zuwa 40 a yawancin motoci. Amma mutane kan manta cewa ba kullum ake cika batir daga ƙasa ba. Mai yin kilomita 40 a rana yunit 8 ya ci, soket na gida zai mayar masa da su a awa huɗu yana barci.

Gargaɗi ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Mota tana jan wuta mai yawa awa bayan awa ba hutawa, ba kamar dutsen guga da ke ɗauka yana saki ba. In za ka yi amfani da soket, bayan awa ɗaya da jonawa ka je ka ɗora bayan hannunka a kan fulogin. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ya yi zafin da za ka janye hannu, ko ka ji ƙaurin roba, ko ka ga bakin ramukan soket ya fara yin ruwan ƙasa, cire shi nan take. Kada a yi caji da doguwar wayar ƙari, musamman wadda ke naɗe. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa motar layinta daban, da waya mai kauri, da abin katse wuta nata, da wayar ƙasa mai kyau. Kuɗin wannan aiki yana cikin kuɗin motar, a sa shi a lissafi tun farko.

Gidan haya nake, ko a bakin titi nake ajiye mota. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma da wahala da ƙarin kuɗi. Mafita mafi kyau ita ce caji a wurin aiki, inda motar ke yini a tsaye. In babu, sai tashoshin haya, kuma a nan sai ka sake lissafin da ke amsa ta biyu da farashin tasha, ba na gida ba. Kafin ka yanke shawara, ka je tashoshin da ke kusa da kai a lokacin da za ka riƙa zuwa, ka ga ko suna aiki, ka ga tsawon layi, ka tambayi direbobin da ka tarar. Taswirar manhaja za ta nuna maka akwai caja a wuri, ba lallai ta gaya maka ya yi wata guda a lalace ba.

In wutar gari ba ta tsayawa fa? Sola ko janareta za su iya?

Sola na iyawa, kuma haɗin mota da sola na daga cikin mafi kyawun abin da ke cikin wannan harka. Faranti mai kilowat 1 yana samar da yunit 3 zuwa 5 a rana, gwargwadon ƙarfin ranar wurin. Mai buƙatar yunit 8 a kullum zai nemi ƙarin faranti na kilowat 2 zuwa 3 a kan abin da gidan ke ci. Matsalar ita ce lokaci: rana na ba da wuta sa'ad da motar ta fita. Ko dai motar ta kasance a gida da rana wasu ranaku, ko a ƙara batirin gida da zai tara wutar zuwa dare, kuma wannan ƙarin kuɗi ne babba. Inbatar ma sai ta iya ɗaukar nauyin.

Janaretan fetur kuwa, a bar shi don larura. Ƙananan janareta kan fitar da kamar yunit 2 daga kowace lita, don haka yunit 20 na tafiyar kilomita 100 za su cinye kusan lita 10, alhali motar fetur lita 7 za ta sha. An yi asara, ga hayaƙi ga ƙara. Wani abin daɗi kuma shi ne wasu motocin na iya mayar da wuta waje: Hyundai Ioniq 5, alal misali, tana ba da har kilowat 3.6 ta soket, wanda zai riƙe firiji da fanka da fitilu na kwanaki in an ɗauke wuta.

Kilomita nawa take yi da caji ɗaya? Zan iya doguwar tafiya?

Yawancin sababbin motoci suna yin kilomita 300 zuwa 500 a takarda. Ka fara tambayar da wane ma'auni aka auna. Na Amurka, EPA, ya fi kusa da gaskiyar hanya. Na Turai, WLTP, yana da ɗan kyauta. Na China, CLTC, ya fi su duka kyauta, don haka mota mai lamba 500 a wannan ma'aunin kada ka sa ran za ta yi 500 a babbar hanya.

Abin da ke ba sababbin direbobi mamaki shi ne al'amarin ya juya. Motar fetur ta fi shan mai a cunkoson gari, ta lantarki kuwa a cikin gari ta fi tattali, domin kusan ba ta cin komai in tana tsaye, kuma duk sa'ad da ka ɗaga ƙafa daga totur injin na komawa janareta, motar ta rage gudu, wuta ta koma batir. Gudu mai yawa a babbar hanya shi ke cinye ta. Tsananin sanyi ma na iya rage nisan da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, na'urar sanyaya mota a lokacin zafi tana ci amma ba kamar haka ba.

A doguwar tafiya ana tsara hanya ne bisa tashoshi. Za ka lura a allon caja cewa lambobin na gudu har wajen kashi 80, daga nan sai su koma rarrafe. Motar ce ke rage jan wuta da kanta don kare batir. Saboda haka gogaggun direbobi ba sa jiran 100, suna cirewa a 80 su tsaya a gaba. Wanda aikinsa doguwar tafiya ce kullum a hanyar da ba tashoshi, haibirid ta fi dacewa da shi a yanzu.

Batirin shekara nawa yake yi? In ya mutu ba shi ke nan ba?

Tsoron nan daga batirin waya ya samo asali, amma na mota daban ne: yana da kwamfutar da ke lura da shi, kuma a yawancin motocin zamani akwai ruwan da ke zagayawa yana sanyaya shi. Ba ya mutuwa dare ɗaya, raguwa yake yi a hankali, kamar kashi 2 cikin 100 a shekara bisa matsakaici. Galibin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ba.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Nissan Leaf ta farko, ta 2010, ba ta da sanyaya batir da ruwa, kuma a wurare masu zafi batiranta sun gaji da wuri. Mai zama a ƙasa mai zafi ya tabbatar motar da zai saya tana da sanyaya ta ruwa, ya kuma riƙa nema mata inuwa. Ya tambayi irin batirin ma. Mai suna LFP ba shi da ƙarfen kobalt ko na nikel, ya fi araha, ya fi jure yawan caji, kuma ba ya damuwa da a cika shi zuwa 100. Mai suna NMC ya fi tafiya mai nisa a nauyi ɗaya, amma ya fi son a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80 a zirga-zirgar yau da kullum.

Canja batir gaba ɗaya bayan garanti ya ƙare yana da tsada sosai, wani lokaci ya kusa kuɗin tsohuwar motar kanta. Ba ya yawan faruwa, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya ne ya lalace, ana iya canja shi kaɗai in akwai wanda ya iya aikin.

Gyara da sabis fa?

Babu juyen baƙin mai, babu fulogin inji, babu kuloci, babu bel ɗin inji, babu salansar da za ta huje. Birki ma yana daɗewa ƙwarai saboda injin ke yin yawancin aikin tsayar da mota. Abin da ya rage: tayoyi, waɗanda kan cinye da wuri saboda nauyin batir da ƙarfin fizgar motar, ruwan birki, ruwan sanyaya batir, kayan ƙafa, da ƙaramin batir mai bolt 12 da har yanzu yake nan, wanda in ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban batir cike yake.

Wahalar ba a yawan gyara take ba, a samun mai gyaran take. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke jikin motar suna ɗauke da bolt 400, wasu 800, kuma suna kisa. Bakaniken da bai sami horo a kansu ba kada ya taɓa su, komai gwanintarsa a injin fetur. Kafin saye, ka gano wanda zai duba maka ita da inda kayan gyaranta za su fito, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iso.

Inshora da faɗuwar daraja ba za su cinye ribar ba?

Suna iya cin wani ɓangare. A kasuwanni da dama inshorarta ta fi tsada, domin hatsarin da ya taɓa batir gyaransa na da nauyi. Daraja kuma ta faɗi da sauri a 'yan shekarun nan, musamman bayan Tesla ta zabtare farashin sababbin motocinta a 2023, abin da ya ja na hannu ƙasa. A Janairu 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, yana kafa hujja da tsadar gyara bayan hatsari. Wannan ya fi shafar mai canja mota duk shekara biyu ko uku. Wanda zai riƙe ta shekara takwas ko goma bai cika jin zafinsa ba, mai neman ta hannu kuwa gaba ta kai shi.

To in ta hannu zan saya, me zan duba?

Lafiyar batir kafin fenti, kafin kujeru, kafin komai. A nemi rahoton da ke nuna kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Ana karanta shi da na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wasu motocin ma suna nunawa a allonsu. Kada a dogara da kilomitan da allo ya ce sun rage, domin hasashe ne bisa tuƙin da aka yi na baya-bayan nan. A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta ko akwai lotsewa a jikin akwatin batir. A guji wadda ambaliya ta taɓa shanyewa, komai arharta. A gwada ta a caja mai sauri, a ga ko tana karɓa yadda ya kamata.

In daga wata ƙasa za a shigo da ita, a duba bakin cajinta. Turai na amfani da CCS2, China da GB/T, tsofaffin motocin Japan da CHAdeMO, Arewacin Amurka kuma da CCS1 da na Tesla. Akwai mahaɗai na canja baki, amma ba duka ke aiki da caji mai sauri ba. A kuma tambaya ko garanti yana bin motar in ta ƙetare iyaka, don sau da yawa ba ya bi.

Gobara da ruwan sama fa? Ana cewa suna kamawa da wuta.

Alƙaluman ƙasashen da ke da su da yawa, irin su Norway da Sweden, sun nuna ba su kai motocin fetur yawan kamawa da wuta ba. Sai dai in batir ya kama, kashe shi na da wuya, yana cin ruwa mai yawa, kuma yana iya sake tashi bayan an zaci ya mutu. Tuƙi da caji cikin ruwan sama ba matsala, an rufe kayan da kyau, kuma wuta ba ta gudana sai fulogi ya zauna daram. Shiga ruwa mai zurfi ne abin gudu, kamar yadda yake ga kowace mota.

Da gaske ta fi kyau ga muhalli, tunda wutar ma da gawayi ko gas ake samar da ita?

Ƙera ta ya fi fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya fiye da ƙera ta fetur, saboda batir. Amma tana biyan wannan bashin a kan hanya, yawanci cikin shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon tsabtar wutar da take sha. Inda wutar ta ruwa ce ko ta rana, da wuri take biya. Inda gawayi ya yi yawa, tana daɗewa kuma ribar ba ta kai haka ba. Iskar da mutane ke shaƙa a bakin titi kuwa tana gyaruwa nan take, tunda ba salansa.

Akwai abin da bai kamata a rufe ido a kansa ba: kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma an sha samun rahotannin mummunan yanayin aiki da sa yara aiki a ƙananan ramukan haƙa. Wannan na cikin dalilan da suka sa batirin LFP, da aka yi bayaninsa a amsar batir, ya cancanci a nema.

Ba zan iya cire injin motata in sa mata na lantarki ba?

Ana yi, amma ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba. Sai an sayi batir da inji da na'urorin sarrafa su, a sake tsarin birki da sitiyari da na'urar sanyaya mota waɗanda a da injin fetur ke juyawa, a kuma tabbatar jikin motar zai ɗauki nauyin. Bayan haka ga neman amincewar hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora. A ƙarshe kuɗin kan kai na motar lantarki ta hannu da aka ƙera tun asali a haka, wadda ta fi ta nisa da aminci. Inda juyawar ta fi yin ma'ana shi ne a motocin tarihi da masu su ba sa son rabuwa da su, da kuma babura da masu ƙafa uku da motocin aiki masu bin hanya ɗaya kullum, waɗanda batirinsu ƙarami ne kuma suna dawowa wuri ɗaya su kwana.